Katanga, Takarda da Mai Gadi: Nazarin Sa Idon Hukuma kan Killace Dabbobin da Ake Shigowa da Su daga Ƙetare

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda hukumomi ke sa ido a kan killace dabbobin da ake shigowa da su daga ƙasashen waje, musamman karnuka da kyanwoyi da dawaki da sauran dabbobin sha'awa. An ɗauki Birtaniya da Amurka da Ostareliya, aka bi sawun dokokinsu da wuraren da tsarinsu ya yi ɓaraka. Matsayin maƙalar shi ne, ƙarfin killacewa ya fi dogara ga amincin wanda ya sa hannu a takardar lafiyar dabba, da ɗa'ar wanda ke tsaron ƙofar tasha, da samuwar wanda ke binciken su biyun, fiye da yawan kwanakin da doka ta yanka.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1887 sojojin Italiya suka sauke shanu a tashar jiragen ruwa ta Massawa, cikin Eritiriya ta yau, domin ciyar da dakarunsu. Shanun na ɗauke da bushiya. Cikin shekara goma cutar ta ratsa Afirka daga gaɓar Bahar Maliya zuwa Senegal, ta gangara har ƙarshen kudancin nahiyar. A farkon shekarun 1890 ta faɗa wa garkunan Fulani a Barno da ƙasar Hausa, ta bar makiyaya da yawa daga su sai sandunansu. A 1920 kuma wasu shanun Indiya da ake kaiwa Brazil suka ya da zango a tashar Antwerp, suka bar wa Beljiyam wannan cuta. Firgicin da ya biyo baya ne ya sa ƙasashe 28 suka rattaba hannu a Paris ranar 25 ga Janairu 1924 suka kafa ofishin duniya na yaƙi da annobar dabbobi, wanda tun 2022 ake kira WOAH.

Yau ba shanu kaɗai ke tsallaka teku ba. Kimanin karnuka miliyan ɗaya ne ke shiga Amurka kowace shekara. Cutar da aka fi jin tsoro a tare da su ita ce haukan kare, wadda ake ƙiyasta tana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunta sun bayyana kusan babu mai tashi.

Manufar maƙalar ita ce gano inda sa idon hukuma yake sakaci a wannan harka, da abin da hakan ke nufi ga Nijeriya.

2.0 Waiwaye kan Ra'ayoyin da Suka Gabata

Ra'ayi mafi tsufa shi ne na katanga: a tsare kowace dabba a kan iyaka har sai duk wata ɓoyayyiyar cuta ta bayyana. Kwamitin Waterhouse na Birtaniya, a rahotonsa na 1971, a kan wannan turba ya tsaya. Ya goyi bayan killacewar wata shida tare da yi wa dabba riga-kafi tana cikin tsaro, kuma daga shawarwarinsa aka samo dokar 1974 da ta shafi karnuka da kyanwoyi da sauran dabbobi masu shayarwa.

Ra'ayi na biyu shi ne na auna haɗari. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya kan matakan kare lafiyar mutane da dabbobi da tsirrai, wadda ta fara aiki a 1995, ta wajabta wa ƙasa ta kafa duk wani shinge bisa hujjar kimiyya. Rahoton Farfesa Ian Kennedy na 1998 ya ɗora Birtaniya a kan wannan ma'auni, ya nuna cewa ga dabbobin da suka fito daga ƙasashe masu ƙarancin haɗari, riga-kafi da gwajin jini da tabbatar da shaidar dabba za su iya maye gurbin keji ba tare da haɗarin ya ƙaru sosai ba.

Na uku ya fito daga Ostareliya. Rahoton kwamitin Malcolm Nairn na 1996 ya ɗauki killacewa a matsayin aiki mai gaɓa uku, wato kafin iyaka da kan iyaka da bayan iyaka, ya kuma ce alhakinta yana wuyan gwamnati da 'yan kasuwa da jama'a baki ɗaya. Dukkan ra'ayoyin uku sun fi ba da ƙarfi ga tsara ƙa'ida. Tambayar wa ke duba ko ana bin ƙa'idar ba ta cika samun kulawa ba sai bayan an yi ɓarna, kuma nan ne wannan maƙala ta sa gaba.

3.0 Hanyar Nazari

An yi amfani da dabarar kwatanta misalai, aka dogara ga dokoki da rahotannin kwamitocin bincike da bayanan hukumomin lafiya. A kowane misali an yi tambaya uku: wa ya tabbatar da lafiyar dabbar kafin ta taso, wa ya tsare ta da ta sauka, wa kuma ke binciken waɗannan biyun.

Wa'adin ɓuya na nufin tsawon lokacin da ƙwayar cuta ke ɗauka a jiki kafin alamu su fito. Ga haukan kare yakan kai makonni ko watanni. Ƙwayar shaida ita ce 'yar na'urar lantarkin da ake cusawa ƙarƙashin fatar dabba, mai ɗauke da lambar da babu mai irinta. Gwajin garkuwa kuwa shi ne auna jinin dabba bayan riga-kafi, inda aka amince da 0.5 IU a kowace mililita a matsayin mafi ƙarancin abin karɓa.

4.0 Nazari

4.1 Birtaniya: Daga Keji zuwa Fasfo

Tun 1901 Birtaniya ta ɗora wa karnukan da ake shigowa da su killacewar wata shida. Ta kawar da haukan kare a 1902, cutar ta dawo a 1918 ta hanyar karnukan da aka shigo da su a ɓoye a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka sake gamawa da ita a 1922. Dokar ba ta san sani ba. A 1968 'yan wasan fim Elizabeth Taylor da Richard Burton sun gwammace su ajiye karnukansu cikin jirgin ruwa a kan Kogin Thames da su sauke su a tudu su shiga keji.

Duk da haka katangar ta taɓa tsagewa. A watan Oktoba 1969, a garin Camberley, wani kare da aka kawo daga Jamus ya haukace kwanaki kaɗan bayan ya cika wata shidansa an sake shi. Aka ƙara wa'adin na ɗan lokaci, aka kafa kwamitin Waterhouse. A ɗaya ɓangaren, a watan Afrilu 2008 wani ɗan kwikwiyo da aka kawo daga Sri Lanka ya mutu da cutar yana cikin tsaro a Chingford, bayan ya ciji mutum uku masu kula da shi. A wannan karon keji ya yi aikinsa, cutar ba ta fita waje ba.

Ranar 28 ga Fabrairu 2000 aka fara tsarin tafiye-tafiyen dabbobin sha'awa: ƙwayar shaida, riga-kafi, gwajin garkuwa, jiran wata shida a ƙasar da aka fito, da maganin kaska da tsutsar ciki. A ranar 1 ga Janairu 2012 aka daidaita shi da na Tarayyar Turai, jiran ya koma kwana 21 ga ƙasashen da aka amince da su, aka kuma janye musu gwajin jini. Da wannan sauyi nauyin tsaron ya tashi daga ma'aikacin keji na Ingila ya koma kan likitan dabbobin da ke wata ƙasa.

Sakamakon bai jima ba ya bayyana. A 2014 ƙungiyar Dogs Trust ta fitar da binciken sirri da ya nuna likitocin dabbobi a Lithuania da Hungary suna cike fasfon kwikwiyoyi da ranar haihuwa ta ƙarya da shaidar allurar da ba a yi ba, domin a sayar da su tun suna ƙanana, lokacin da suka fi tsada. A kan iyaka kuma kamfanonin jigila ne aka ɗora wa duba takardu, kuma ƙa'idar ba ta tilasta musu kallon dabbar da ido ba. Masu binciken ƙungiyar sun sa 'yar tsanar kare cikin akwatin ɗaukar dabba, tare da ƙwayar shaida da fasfo, suka wuce da ita shingen fiye da sau ɗaya. Na'ura ta karanta lamba, lamba ta dace da takarda, aka ɗaga hannu.

4.2 Amurka: Gafiyar Akara da Takardun Jabu

A watan Afrilu 2003 wani kaya ya sauka a jihar Texas daga Akara, ɗauke da ƙananan dabbobin daji kusan 800, cikinsu har da gafiya da kurege, don sayarwa ga masu sha'awar kiwon baƙin dabbobi. Wani dillali a jihar Illinois ya ajiye wasunsu kusa da wani nau'in kuregen Amurka da shi ma ake kiwo a gida. Daga nan ƙyandar biri ta kama mutum 47 a jihohi shida, karo na farko da aka ga cutar a jikin mutane a wajen Afirka. Ranar 11 ga Yuni 2003 aka haramta shigo da dangin ɓera daga Afirka.

Babu wanda ya karya doka kafin kayan su wuce, domin babu dokar da ta tanadi killace su. Ma'aikatar noma tana kallon cututtukan dabbobin kiwo, hukumar namun daji tana kallon nau'o'in da ke fuskantar ƙarewa, hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC tana da jerin dabbobin da ta sa wa ido, kwastan kuma na duba kaya. Gafiya ta bi ta tsakaninsu. Ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar Amurka ya dawo kan wannan giɓi a rahotonsa na Nuwamba 2010, inda ya nemi hukumomin su haɗa kai.

Matsalar karnuka ta sha bamban. Amurka ta rabu da nau'in haukan da ke yawo tsakanin karnuka tun 2007, amma a 2015 aka shigo da wata karyar titi daga Masar zuwa jihar Virginia, ta haukace, bincike ya nuna takardar riga-kafinta jabu ce. Aka sake samun karnuka masu cutar daga Masar a 2017 da 2019, da kuma daga Azarbaijan a 2021. A shekarar 2020 kaɗai CDC ta gano karnuka sama da 450 da suka iso da takardun ƙarya ko marasa cika. Ranar 14 ga Yuli 2021 ta dakatar da shigo da karnuka daga ƙasashe fiye da 100 masu babban haɗari, Nijeriya da Nijar da Gana na ciki.

Dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Agusta 2024 ta nuna darasin da aka koya. Kowane kare sai ya kai wata shida, yana da ƙwayar shaida. Wanda aka yi wa allura a ƙasa mai haɗari sai likitan gwamnatin ƙasar ya sa hatimi a takardarsa, sai ya sauka a filin jirgin da ke da wurin kula da dabbobi mai rajista, a duba shi a sake yi masa allura. In babu sakamakon gwajin garkuwa daga ɗakin gwajin da CDC ta amince da shi, zai yi kwana 28 a killace. Keji ya dawo ke nan, amma ga wanda takardarsa ba ta gamsar ba.

4.3 Ostareliya: Lokacin da Tashar Kanta Ta Yi Yoyo

Babu ƙasar da ta yi suna wajen tsanani kamar Ostareliya, shi ya sa misalinta ya fi sauran koyarwa. A farkon watan Agusta 2007 aka sauke ingarmun barbara daga ƙasashe daban-daban, cikinsu har da na Japan, aka kai wasu tashar killacewa ta gwamnati da ke Eastern Creek a yammacin Sydney. Ostareliya ba ta taɓa sanin murar dawaki ba, dawakinta kuma ba su da riga-kafi. Kafin ƙarshen watan cutar ta bayyana a bargar Centennial Park cikin birnin. Ranar 25 ga Agusta aka hana motsa kowane doki a faɗin ƙasar na awa 72. Kafin a shawo kanta a ƙarshen shekarar ta kama dawaki kusan 76,000 a gonaki da bargogi sama da 10,000 a jihohin New South Wales da Queensland, ta tsayar da sukuwar bazara a Sydney, ta ci ɗaruruwan miliyoyin dalar Ostareliya.

Gwamnati ta naɗa tsohon alƙalin babbar kotun ƙasar, Ian Callinan, ya bincika. Rahotonsa na 2008 ya ce mafi rinjayen zato shi ne cutar ta fita daga tashar ne a jiki ko tufafi ko kayan aikin wani da ya taɓa dawakin ya fice ba tare da ya tsabtace kansa ba. Masu kula da dawaki da likitoci masu zaman kansu da masu gyaran kofato suna shiga suna fita. Ƙa'idar wanka da sauya kaya tana nan a rubuce, amma ba a tilasta ta. Ma'aikata sun yi kaɗan, wasunsu ba su san umarnin aikin da ya kamata su bi ba, manyan jami'an hukumar killacewa kuma ba su bibiyi abin da ke faruwa a ƙasa ba.

Babu dokin da ya tsallake katanga a Eastern Creek, kuma babu wanda ya ce kwanakin da doka ta yanka sun yi kaɗan. Mutane ne suka fitar da cutar ta ƙofa. Wannan ne hujja mafi ƙarfi ga matsayin maƙalar, domin a nan gwamnati ce mai tashar, ita ce mai ƙa'idar, ita ce kuma mai binciken kanta.

Gyaran da aka yi ya tafi kai tsaye ga wannan rauni. Aka ƙirƙiro muƙamin babban sufeto mai zaman kansa, da farko don shigo da dawaki, daga baya don dukkan harkar. Dokar 2015 ta maye gurbin dokar killacewa ta 1908. Aka tattara tashoshin gwamnati wuri guda a Mickleham kusa da Melbourne, inda kare ko kyanwa daga yawancin ƙasashen da aka amince da su ke yin aƙalla kwana 10. Tun Maris 2023 wa'adin yakan kai kwana 30 ga dabbar da hukumar ƙasarta ba ta tabbatar da shaidarta ba. Dabbar da ke ƙasar da ba a amince da ita ba, kamar Nijeriya, ba ta shiga kai tsaye, sai ta fara zama na watanni a wata ƙasa da ke cikin jerin.

Ko da wannan, a watan Afrilu 2015 karnuka biyu na ɗan wasan fim Johnny Depp da matarsa ta lokacin, Amber Heard, sun shiga ƙasar cikin jirgi na ƙashin kai ba a bayyana su ba. Hotunan da aka wallafa daga shagon gyaran gashin karnuka ne suka tona, ba jami'in filin jirgi ba. Ministan noma Barnaby Joyce ya ba da wa'adin a fitar da su ko a kashe su, aka fitar da su, kuma a Afrilu 2016 Heard ta amsa laifin ba da bayanin ƙarya a katin shiga ƙasa.

5.0 Inda Nijeriya Ta Tsaya

Lamarin ya shafi Nijeriya ta fuska biyu. Ta farko, tana cikin ƙasashen da ake tuhumar takardunsu. Duk takardar jabu guda da aka kama a filin jirgin wata ƙasa tana rage darajar hatimin kowane likitan dabbobi na gaskiya a ƙasar, kuma mai tafiya da dabba ne ke biyan kuɗin wannan rashin yarda.

Ta biyu, ita ma mai shigowa da dabbobi ce: karnukan gadi daga Afirka ta Kudu da Turai, tsuntsayen ado, da dawakin folo daga Ajantina waɗanda ake gani a filayen Kaduna da Kano da Katsina. A ƙarshen 2018 murar dawaki ta ɓarke a jihar Sakkwato, a 2019 ta bazu a arewacin ƙasar da Nijar har zuwa Senegal, ta kashe dubban jakuna. Binciken ƙwayar cutar ya nuna tana da kusanci da wadda ta yaɗu a Kudancin Amurka a 2018, abin da ya sa masu binciken suka ɗora zato a kan shigo da dawaki. Wanda ya yi asarar shi ne ɗan ƙauyen da jakinsa ke ɗauko masa ruwa da taki da amfanin gona, wanda bai taɓa shigo da komai daga ko'ina ba.

Doka ba ta yi ƙaranci ba. Hukumar killace kayan gona da dabbobi, NAQS, ta samu dokar kafuwarta a 2018. Dokar yaƙi da cututtukan dabbobi ta 2022 ta maye gurbin ta 1988. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana aiki tun 1924, a 2024 kuma aka kafa ma'aikatar bunƙasa kiwon dabbobi ta tarayya. Garkunan da ke shigowa a ƙafa ta Maigatari da Illela da Jibiya batu ne na daban, wanda ya dogara ga takardar shaidar kiwon ƙetare ta ECOWAS ta 1998 da riga-kafin haɗin gwiwa, domin babu tashar da za ta ɗauke su. Dabbar da ta zo ta jirgin sama ko na ruwa kuwa ƙofofinta ƙidayayyu ne, babu uzurin a kasa tsare su.

Bisa misalan da aka nazarta, maƙalar na ba da shawarar a fayyace a rubuce wace hukuma ce ke da alhakin kowane nau'in dabba, har da na daji, don kada wata ta bi ta tsakani. A buɗe rajistar likitocin da aka yarda su sa hannu a takardar fita da shiga, wadda jami'in kowace ƙasa zai iya dubawa ta intanet, a kuma soke lasisin duk wanda aka kama da ƙarya. Jami'i ya ga dabba da idonsa ya karanta ƙwayar shaidarta kafin ya buga hatimi, ko da a jirgin wani babba ta zo. Sama da duka, Majalisar Tarayya ta samar da sufeto mai zaman kansa wanda ba ya ƙarƙashin NAQS ko ma'aikatar, mai ikon shiga kowace tashar killacewa ba tare da sanarwa ba, wanda zai riƙa gabatar wa majalisar rahotonsa a bainar jama'a kowace shekara.